Ƙarfen Sirdi

A tabarmar Bakari na gan shi, bayan kasuwar Garwa,
tsakanin tsofaffin sarƙoƙi da feda marar 'yar'uwa,
ƙarfen sirdi, kamu guda da 'yan kai,
da tabo a gefe kamar cizon ɓera.
"Na Turai ne," in ji Bakari. "Dala ɗari biyu.
Tabon? Ƙarce ne kawai. Kai ma ga irinsa a goshinka."

Na ce bari in kai wa Njidda ya duba.
Ya ce jeka, amma bar hularka a nan.

Njidda na gindin darbejiya,
taya a cinya, goro a kunci.
Bai tambayi kuɗinsa ba.
Cewa ya yi, "Wa zai hau?"

Na ce Sambo.
Sambo da ya kere ni tsawo tun daminar bara,
in ya taka, gwiwa na dukan kan keke,
kullum da sassafe sai ya haye gadar Binuwai zuwa makaranta,
motocin auduga na wuce shi,
iskarsu na kaɗa masa riga.

Njidda ya ajiye tayar.

Ya tsoma ƙarfen cikin gwangwanin kananzir.
Ya mirgina shi kan ɓallin gilashin mota,
ya tafi sumul, babu ɗingishi.
"Bai lanƙwashe ba."
Hankalina ya fara kwanciya.
Ya rataye shi da zare, ya ƙwanƙwasa da sufana,
ya karkata kai kamar mai sayen tukunya.
Ƙarar ta fito, amma ba ta daɗe ba.

Ya bi tabon da farce. Farcen ya tsaya.
Ya sake bi. Ya sake tsayawa.

Sai ya goge shi ƙarau, ya shafe shi da alli,
ya ce in zauna.
Mai ƙosai ta wuce, ba mu saya ba.
Aka kira la'asar.
Can sai ga wani layi siriri kamar gashin gira
yana ɓullowa cikin farin allin,
kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki ne yake tona asiri.

"Ƙarce a fata yake tsayawa," in ji Njidda.
"Wannan ya sha mai, yana da ciki.
Yaronka dogo ne, dole a ɗaga sirdi,
nan ɗin kuwa bakin maƙalli zai ciza."
Na ce walda fa?
Ya ce wannan ba ya jin walda.
Na ce ko wata uku, kafin a biya mu?
"Zai iya shekara. Zai iya Talata.
Ƙarfe ba ya sallama in zai tafi."

Na mayar.
Bakari bai yi fushi ba, ya miƙo mini hulata.
Ya ɗauki tsumman baƙin mai ya share allin,
ya kwantar da ƙarfen inda yake,
tabon yana kallon tabarma.

Na yi taku goma.
Wata mata ta tsaya da ɗanta, suna jan keke marar sirdi.
Yaron ya durƙusa.

Na dawo.
Dala ɗari da hamsin muka daidaita,
kuɗin cefanen kwana biyu,
Bakari yana ta mamakin mutumin da ya san aibi ya kuma biya.

Yanzu yana bakin murhu.
Habsatu na hura wuta da shi,
ta ce ya fi mafici, sai dai ya yi tsada.
Sambo kuwa har yau sirdinsa a ƙasa yake.
Da safe ina tsayawa a ƙofa
ina kallon gwiwoyinsa suna hawa da sauka kusa da haɓarsa,
yana gunaguni,
har ya sha kwanar masallaci.